Wayata Ce a Jakarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan Inna,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka barka da sauka. Da fatan ka isa Gubi lafiya, ka samu ɗaki, ka kuma samu gadon ƙasa ba na sama ba, don na san barcinka da juye-juye. Allah ya sa ka shiga da ƙafar dama, ya haɗa ka da abokan zama nagari, ya tsare ka daga sharrin da kake gani da wanda ba ka gani.

Na san za ka yi dariya. Daga gidanmu zuwa jami'arku ta Gubi tafiyar keke ce, amma ga ni na zauna ina cika takarda kamar wadda ɗanta ya tafi bangon duniya. Yi dariyarka. Kai ɗan fari ne, kuma ka san gidan da na fito. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ido cikin ido ba. Inna mahaifiyata ce ta goya ka, ita ta yaye ka, ni kuwa Adda kake ce mini, yadda ka ji ƙannena suna faɗa. A kasuwar Wunti ina iya tsayawa da ɗan kasuwar Kano mu yi ta ja-in-ja a kan turmin atamfa har ya gaji ya sallama, amma in kai ne a gabana sai harshena ya yi nauyi. Takarda kuwa ba ta kallon mutum, shi ya sa na zaɓe ta.

Abin da ka tarar naɗe cikin ɗankwalina a ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin yaji da garin rogo, e, wayata ce. Ba kuskure aka yi ba, ba kuma ƙanwarka Habiba ce ta sako maka a ɓoye ba. Ni na sa da hannuna, kuma da sanin Babanku. Yadda aka yi har ya yarda, shi zan fara gaya maka, don ka san nauyin abin da ke hannunka.

Ka fi kowa sanin dalilin da ya sa taka wayar take kulle a durowarsa. Shekarar farko da ka zauna jarrabawar shiga jami'a, waya na manne a hannunka, ka faɗi. Ya karɓe ta. Ka zauna da littafi da kumburin fuska, shekara ta zagayo, ka ci. A wurin Malam shari'a ta ƙare ke nan: da waya an faɗi, babu waya an ci, me ya rage a tattauna? Ya ce da ƙaramar nan mai tocila za ka tafi, wadda kuke ce wa rakani-kashi. Ka ce masa yanzu komai na makaranta a waya ake yi. Ya ce shi ma ya yi makaranta, ya yi aiki a sakateriya har ya yi ritaya, da biro da fayil, kuma bai mutu ba.

Ni ban sa baki ba. Amma na tambayi Rifkatu, maƙwabciyar shagona mai sayar da takalma, 'yar Zungur, wadda 'yarta Saratu ta riga ka shiga can. Ta ce mini, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Hajiya, kar ka yi gardama da shi. Ka bari ya je rijista da kansa. Wurin nan ko ruwa za ka sha sai an tambaye ka waya."

Saboda haka ranar da Malam ya ce shi zai raka ka ya nuna maka yadda ake rijista, ni na goge masa babbar riga, na turara ta, na ce Allah ya ba da sa'a. Sauran ka gani da idonka. Duk ofishin da kuka shiga sai a ce ku je ku cike a intanet. An canza ɗakin tantancewa, an sanar a guruf ɗin ɗalibai na waya, kowa ya sani sai ku biyu, kuna zaune a gindin bishiya kuna gadin ƙofar da babu kowa a ciki. Kuka dawo da la'asar, hularsa a hannu.

Abin da ba ka gani ba shi ne bayan ka shige ɗakinka. Na kai masa fura, na zauna. Mai saye in ya zaga kasuwa ya dawo shagonka, ba ka tuna masa cewa ka gaya masa. Kujera kake ba shi.

Ya kurɓa, ya ajiye. Ya ce, "Mairo, mutanen nan sun lalata boko."

Na ce, "Sun lalata, Malam."

"A ce yaro ba zai san ajinsa ba sai da waya."

"Abin takaici."

Ya harare ni. "Ke dai faɗi abin da ke bakinki. Tun ɗazu kike juya ludayi a kwanon da babu komai."

Na ce ni ba ni da ta cewa, shi ne mai gida. Ya ce to shi ga tasa: wadda ke durowa ba za ta fito ba, don cike take da wasanni da abokan banza. Sabuwa kuma ba zai saya ba, ba zai sayo wa kansa hawan jini ba.

Na ce, "To ya tafi da tawa."

Ya sake dubana. "Taki? Wadda kike kwana da ita kike tashi da ita? Wadda ko zance nake miki sai na jira ta gama nata?"

"Ita."

"In ya faɗi fa?"

Na ce, "In ya faɗi ka haɗa ta da tasa a durowa, ka riƙe makullin. Ni kuma na haƙura da babbar waya, ba zan sake riƙe wata ba."

Ya sake kurɓar fura. Sannan ya ce, "Zango ɗaya. In an gama ya zo ya ajiye sakamako a nan kan tabarmar nan, ya ajiye wayar a gefensa. Sai mu ga wanda zai tashi da ita." Har na ɗauki kwano zan fita ya ƙara da cewa, "Kin san da haka za a yi kika goge mini riga, ko?" Na ce, "Haba Malam, yaushe ka taɓa fita ban goge maka riga ba?"

To ka ji yadda aka yi ciniki. Ka san kuma mafi yawan masu sayen kayana a cikin wayar nan suke, na Azare, na Gombe, na Jos, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar shagona ba. Rifkatu za ta riƙa ɗora mini hotunan kaya a tata kafin ka dawo. Ba don in ɗora maka kaya nake faɗa ba. Ni dai ba na sayar da abu in ɓoye tsagewar da ke jikinsa, ko ga bare, balle kai.

Yanzu ga tambayar da ku biyu kuka kasa gamawa: waya tana taimakon ɗalibi ko tana kayar da shi? Babanka ya ce tana kayarwa, kai ka ce tana taimako. Ni duk ban saya ba, don kowannenku kayansa yake talla. Abin da na sani shi ne abin da ta yi mini, kuma ta ci ni ba sau ɗaya ba. Bari in ba ka labari, ka ɗauki abin ɗauka.

Akwai ankon Inkil. Kana ƙaramar sakandare lokacin, ba lallai ka tuna ba. Wata Hajiya a Inkil za ta aurar da ɗanta, ta ba ni aikin ankon dangi gaba ɗaya. Ruwan makuba take so, mai duhu, na manyan mata. Da can sai in hau mota in tafi Kano da kaina, in shiga layin 'yan atamfa, in murza da yatsa, in fito da ita rana in ɗaga, in jiƙa gefe in goga da farin ƙyalle in ga ko tana zuba. Amma lokacin na yi sabuwar waya, na zama 'yar zamani, ina jin tafiya Kano ta tsofaffi ce. Mutumina na can ya turo hoto. A hoto, wallahi, makuba ce sak, har da sheƙi. Na tura wa Hajiya, ta ce ita ce. Na ce a ɗoro a mota.

Da aka kwance dila a shago sai na ga abin da na sayo. Ja ce jawur, kamar an tsoma ta a manja. Na kira shi ina huci. Ya ce, "Hajiya, ai ita na ɗauka. Hasken shago ne kawai. Ke kika gani kika ce e." Kuma bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Biki ya matso, babu lokacin canji. Haka dattawan mata suka ɗinka suka fito jere kamar tumatir a faifai. Hajiyar ba ta sake tako shagona ba, kuma har yau akwai layin da in na shiga a Inkil sai in ji ana cewa ga Hajiya Manja nan.

Me ya kawo wannan? Saratu ta ba ni labarin yadda ake yi a ajinsu. Malami zai cika allo da rubutu, sai kowa ya ɗaga waya, ƙyas, ya mayar aljihu, ya fita yana jin ya samu karatu. Da na ji sai na tuna da dilata. Hoton allo ba karatu ba ne, ɗan Inna. Ka ɗauka, ban hana ka ba, don wani malamin yana gogewa da sauri. Amma kafin rana ta faɗi ka zauna ka kwafe shi da hannunka a littafi. Za ka ga wani wurin biro yana gudu, wani wurin ya tsaya cak, don kanka bai gane ba. Inda ya tsaya, nan ne atamfar take zuba. Sa alama, gobe ka tambaya. In ka bar shi a hoto ba za ka san launinsa na gaskiya ba sai ranar da aka kwance dila a ɗakin jarrabawa, kuma ranar babu canji.

Na biyun ya fi ciwo, ko da yake ya fi ban dariya. Ka tuna lokacin da na shiga karatun ƙarshen mako na neman takardar malanta? Kai da Habiba kuna yi mini dariya in na rataya jakar littafi. A sakandare na tsaya, abin kuma ya daɗe yana cina a rai. Muka shiga ni da Rifkatu. Sati na farko na yi rubutu har yatsuna suka yi tsami. Sai wata yarinya ta nuna mini cewa waya tana ɗaukar murya. Na ce ashe wahalar banza nake sha. Daga ranar sai in ajiye waya kan tebur, in danna jan nan, shi ke nan na sallami kaina. Zan saurara a gida, a natse.

Aji kuwa cike yake da mata, malaman firamare da matan ma'aikata. Ka san Addarka. Inda mata suka taru, ni kasuwa nake gani. Na koma kujerar baya, na riƙa zuwa da samfur a jaka ƙarƙashin littattafai. Ban taɓa cinikin Asabar irin na wannan zangon ba.

Jarrabawa ta matso. Na rufe shago da wuri, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kore ku, na ce kada wanda ya dame ni, karatu zan yi. Na sa abin kunne, na danna na farko. Me zan ji? Muryata. Rangaɗaɗau. "Wallahi Maman Sadiƙ, leshin nan ko a Dubai sai an tona. Ki taɓa ki ji, taɓawa kyauta ce." Can nesa, kamar mai magana daga cikin rijiya, malami yana wani abu a kan tarbiyyar yara. Na danna na biyu. Ni ce dai, ina ba da labarin wadda aka kai wa lefe da akwati babu makulli. Na uku, ni da Maman Sadiƙ muna rigimar ragi. Zango guda cur na ɗauki kaina a waya ina talla.

Rifkatu kuwa wayarta ba ta da wurin ajiya, dole ta zauna gaba ta yi ta rubutu. Ta ci. Takardarta tana nan a rataye a shago, saman takalma. Ni na faɗi warwas, kunya ta hana ni komawa, na ce wa mutane kasuwa ce ta yi mini yawa.

Wayar ba ta cuce ni ba. Abin da ya fi kusa da ita ta ɗauka, ni ce kuma na fi kusa. Abin da ya cuce ni kalma ce guda: anjima. Zan ji anjima, zan karanta anjima, ai yana cikin waya, ba zai gudu ba. Gaskiya ne ba ya gudu. Amma ba ya kuma tasowa da kansa ya shiga kai. Don haka in malami yana gaba, ka zauna inda zai ga idonka, ka yi kamar abin da yake faɗa ba za a sake faɗarsa ba har abada. Wayar kuma a jaka, ba a aljihu ba. In tana aljihu, duk motsin da ta yi a cinyarka kamar mai saye ne yana ƙwanƙwasa ƙofa, kuma jinina ne a jikinka, ba za ka iya ƙin leƙawa ba.

Sai kuma abin nan na kwanan nan, wanda ake rubuta masa tambaya ya ba da amsa nan take, kuke cewa ya san komai. Habiba ta sa mini shi. Na ce ya rubuta mini tallar shadda. Ya zubo zance mai daɗi har na ji ina son in sayi kayana. Na ce lallai na samu yaron shago da ba ya cin abinci.

Ana nan wata mai sayen kayana ta kawo mini shaddar mijinta mai tsada, turare ya yi mata tabo a ƙirji, ta ce in taimaka. Hanya a bayyane take: in aika wa masu wanki da bugu, su da suka tsufa a kan shadda. Amma na ce bari in tambayi gwani. Ya ba ni amsa tsaf, a jere, a haɗa kaza da kaza, a shafa, a bari, a ɗauraye. Ko tari bai yi ba. Na bi. Tabon ya fita kam. Ya fita da launin, ya fita da sheƙin, ya bar wani farin fili a ƙirjin riga kamar an zana taswira. Na koma na rubuta masa abin da ya faru. Ka san me ya ce? Wai in yi haƙuri, na yi gaskiya, bai kamata a yi wa shadda haka ba. Sannan ya kawo mini wata hanyar.

Ina cikin baƙin ciki sai da na yi dariya, don na gane shi. Ɗan'uwana ne. Dillali ne. Na yi dillanci gida-gida kafin in samu shago, na san halinmu. Dillali ba ya cewa ban sani ba. Ka tambaye shi abin da bai taɓa gani ba, zai ce akwai, bari in kawo. Kuma kada ka raina shi, yana da amfani ƙwarai: ya san lungu, yana rage maka yawo, yana kai ka ƙofar mai kaya. Amma mai hankali ba ya sallamawa a kan bakin dillali sai ya ga kaya da idonsa.

Haka za ka riƙe shi. In abu ya shige maka duhu, ka ce ya warware maka da sauƙi, ya sake, ya kuma sakewa, ba ya gajiya. Ka ce ya yi maka tambayoyi ka amsa. Amma abin da ya faɗa ka kai shi gaban littafi, ka kai shi gaban malami, ka ga ko ya tsaya. Kada kuma ka taɓa karɓar rubutunsa ka sa sunanka a kai ka miƙa. Ko malami bai kama ka ba, ka sayar wa kanka da buhun da babu komai a ciki. Ranar jarrabawa a bakin ƙofa ake karɓe waya. Dillali a waje yake tsayawa, kai kaɗai za ka shiga.

Masu cewa a guruf suna da tambayoyin jarrabawa, a turo kuɗi a samu, waɗannan ba sai na ɓata tawada a kansu ba. Ka girma a bakin kasuwa. Ka san mai raɗa maka a kunne cewa yana da gwal a aljihu, ya zaɓe ka ne don ya ga alamar za ka yarda.

Akwai guda ɗaya da ya shafe ka kai tsaye, zan faɗa a gajarce. Ni na saya maka wayarka ta farko, Malam bai so ba. In na gan ka a duƙe kanta sai in ji daɗi, in ce wa matan da suka shigo, "Ku rage murya, ɗan Inna yana karatu a waya." Ban taɓa zagayowa bayanka na leƙa abin da ke kan gilashin ba. Ni da ko ɗankwali zan saya sai na juya cikinsa. Na fake da kunyar ɗan fari, alhali gaskiyar ita ce ni ma a duƙe nake kan tawa. Don haka faɗuwar nan ta farko ba taka ce kai kaɗai ba, mun yi tarayya. Ban gaya wa Babanka haka ba, kuma kada ka gaya masa, daɗin zai yi masa yawa.

Duk da wannan, ba zan ce maka waya shaiɗan ce ba, don zan zama butulu. Ita ta kai kayana garuruwan da ƙafata ba ta taɓa zuwa ba. Habiba ta yi ta kuka da wani lissafi, sai da ta samu wani malami a bidiyo, tana mayar da shi baya yana maimaitawa, ba ya tsaki, ba ya cewa ke daƙiƙiya ce, har ta gane. Saratu tana karanta littattafan da ɗakin karatunsu ba shi da su. Ni kaina, ka lura a waya na fi iya sakin baki da kai fiye da in muna tsakar gida ɗaya. Duk alherinta ne.

Abin da na lura da shi a zaman shago shi ne, mata iri biyu ke shigowa Wunti. Akwai wadda ta san abin da ya kawo ta. Ta shigo, ta nufi layin, ta taya, ta saya, ta fita, ko gaisuwa a tafe take yi. Wannan kasuwa tana yi mata aiki. Akwai kuma mai cewa, "Na dai shigo in ga gari." Wannan tamu ce. Muna ganinta daga nesa muke gyara zama. Za ta fita da yamma da ledoji a hannu biyu, ta isa gida ta tuna gishirin da ya fito da ita ba ta saya ba. Waɗanda suka ƙera abubuwan da ke cikin wayar nan 'yan kasuwa ne, kuma sun fi ni iya talla nesa ba kusa ba. Sun jera kaya yadda in ka leƙa ɗaya sai na gaba ya kira ka. Ɗalibin da ya shiga da abin da ya kawo shi, tana ɗaga shi. Wanda ya shiga ganin gari, tana cinye masa yini, ya fito yana jin ya yi aiki. Amsata ke nan ga gardamarku. Kafin ka buɗe ta, ka faɗa wa kanka abin da ka zo saye. In ka samu, ka fita.

Habiba ta kwashe mini hotunan kaya da gurufan mata daga wayar, ta bar maka Alƙur'ani da mai tuna lokacin salla da ƙamus. Ban sa ta kulle komai ba. Ka fi mu sanin hanyoyinta, duk ƙofar da muka rufe za ka samu taga. Kuma ni ba gadi nake so in yi ba.

Abu ɗaya nake nema, shi ne ladan wayata. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, ka kira ni a mai tocilar, tana hannuna yanzu. Ba gaisuwa kawai ba. Ka zaɓi abu ɗaya da aka koya muku a satin, ka ajiye littafi, ka bayyana mini shi da Hausa, daga kanka, har in gane. Kimiyyar noma ka ce za ka karanta, to ko maganar taki ce, ko dalilin da ya sa wata ƙasar take riƙe ruwa wata ba ta riƙewa, ina so. Kuma ka shirya, don zan yi maka irin tambayar mai saye marowaci, wanda sai ya juya kaya sau goma. In na gane, ka iya. In ka fara in'ina kana cewa wato, wato, to mun gano ramin tun da sauran lokacin cikewa, ni da kai, ba tare da Malam ya ji ba. Na fi son in ji a kunnena ranar Juma'a da in gani a kan tabarmarsa.

In kuma ka ga ta fi ƙarfinka, ka ga kana shiga don abu ɗaya kana fitowa bayan rana ta karkata, kada ka tsaya jiran ƙarshen zango. Ka naɗe ta ka sako cikin kayan wankinka ka aiko gida. Ba zan tambaye ka ba, ba zan bari a tambaye ka ba. Zan ce ni na buƙaci abata, ka riƙa leƙa sanarwa a ta abokin ɗakinka. Wanda ya san inda ƙarfinsa ya tsaya bai faɗi ba.

Kada kuma ka ɗauka tsoron durowa ne ya sa na cika takardun nan. In wayar ta shiga durowa zan ji zafi, ba zan yi maka ƙarya ba, amma kasuwa ta san ni tun kafin a ƙera ta, ba za ta manta da ni ba. Duk abin da ke shagona in ya lalace ina da inda zan sake saro wani. Kai ne ba ni da inda zan saro.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci kafin lakca, kada ka ce sai an fito. Ka gaida abokan ɗakinka, ka ɗiba musu yajin, na sa da yawa don haka. Inna ta ce in gaya maka ka rufe ƙirjinka da safe, iskar dam ɗin Gubi ba ta da kirki. Habiba tana gaishe ka. Babanka bai ce in gaishe ka ba, amma tun da ka fita ya tambaye ni ko na sa maka bargo.

Allah ya buɗa maka ƙirji, ya sa abin da za ka karanta ya zauna, ya amfane ka ya amfani mutane. Allah ya kare ka a hanya da a ɗaki, a cikin jama'a da in kana kai kaɗai. Ya dawo mana da kai lafiya, da kanka a sama. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Addarka.